Hirar da Na Kai wa Isiyaku Madani

A tashar Njamaina ta ƙasar Chadi aka fara cuta ta. Wani mutum mai jar hula ya ji ina tambayar motar Abashe da Hausa, ya taso da fara'a kamar ya ga ɗan ɗakinsu. Ya ce shi ma uwarsa Bakanuwa ce. Ya zaunar da ni a inuwa, ya sayo mini ruwa a leda, ya karɓi kuɗin motar ya ce bari ya kamo mini kujerar gaba, don ya ga ni dattijo ne. Har rana ta karkata ban sake ganin jar hular nan ba. Jakata dai ya bar mini, tunda babu komai a ciki sai kaya kala biyu da ƙullin daddawa da kuka da Inna ta ba ni in kai wa ƙanena.

Ƙanen nawa shi ne Isiyaku. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, na girme shi da nisa, a bayana aka goya shi. Ni na tsaya a allo da ɗan abin da na tsinta a firamare, shi kuwa ya zarce, har ya zamana a ƙauyenmu, can bayan Minjibir, ba mai kiran sunansa sai Dakta. Lokacin yana Sudan, a wani gari Madani, yana digiri na uku a kan ƙuduji, ciyawar nan mai kyan fure da ke shanye dawa tun daga saiwa.

Shekarun nan ne da taki ya gagari talaka. Damina biyu a jere gonata ba ta ba ni abin da zai kai mu bazara ba, ga iyali, ga Inna. Duk inda na zauna sai an ce, "Garba, kai da kake da Dakta a ƙasar waje, zaman me kake yi a nan?" Aka yi ta faɗa har na yarda. Ban gaya masa ina tafe ba. Dama ya yi watanni ba ya kira, in an kira shi sai ya gaisa a gurguje ya katse. Ni na ɗauka ƙoshi ne. Na ce bari in je in tsaya a gabansa in ga ko a nan ma zai katse.

Wani direban babbar mota ne ya fid da ni daga tashar nan. Ya lura na wuni a wuri ɗaya, ya zo ya yi mini magana ban ji ba, sai ya nuna mini tulin buhunan sukari, ya nuna bayan motarsa, ya nuna ni. Na gane. Na yi lodi har kafaɗata ta sale, na hau saman kaya tare da wasu mutane da awakinsu. Hanyar Abashe ba ta da inuwa. Rana ta dafa mu, mota ta lalace a daji, muka sauka muka tura, ta tashi, ta sake lalacewa. Da muka isa zazzaɓi ya riga ya kama ni. A barandar wani masallaci na kwanta. Ladanin, wani tsoho mai ido ɗaya, shi ya riƙa kawo mini tuwonsu da madara a ƙwarya, ya tsaya a kaina sai ya ga na cinye. Ban san sunansa ba, bai san nawa ba. Allah ya saka masa.

Larabcin da ke bakina na salla ne da na makarantar allo. Ranar da na roƙi ruwa da shi a kasuwar Abashe, mai shagon kiran maƙwabcinsa ya yi, ya ce in maimaita shi ma ya ji. Suka yi dariya har da riƙe ciki, wai malami ya zo yi musu huɗuba. Ruwan dai sun ba ni. Daga ranar na rufe bakina, na koma magana da hannu.

A kan iyaka wani mai kaki ya juye jakata a ƙasa. Ya kwance ƙullin daddawar ya shinshina, ya ja da baya yana toshe hanci, yana daka mini tsawa. Ban san yadda zan yi masa bayani ba, sai na gutsura na sa a baki na tauna a gabansa. Ya yi mini nuni in kwashe tsiyata in ɓace. Daga Junaina, garin farko a ɓangaren Sudan, kuma aka shiga wata doguwar tafiya, mota ta ajiye ka wata ta ɗauka, ko'ina shinge, ko'ina sauko a duba ka. A duk tsawon hanyar nan ban sami mutum ɗaya da zan ce wa "ina gajiya" ya ce "ba gajiya" ba. Ni kuwa mutum ne mai son hira. Magana ta taru mini a ciki ta cushe, har na kan tsinci kaina ina ba takalmina labari.

Da hantsi na isa Madani. Gari ne a bakin kogi, kewaye da gonakin rani da magudanan ruwa. Na yi ta faɗin sunan wurin karatun nasa ana nuna mini gaba, har na kai ƙofar wata cibiyar binciken noma a bayan gari. Mai gadi ya shiga, ya fito da wani ramammen mutum cikin koɗaɗɗiyar riga da silifas. Sai da ya matso na gane Isiyaku ne. Ni da na zo ganin mai ƙoshi.

Ya tsaya yana kallona. Bakinsa ya motsa, wata kalma ta Turanci ta leƙo, ya haɗiye ta. Sannan ya tsuguna a gaban mai gadi da kowa.

"Yaya," ya ce. "Yaya, kai ne? Lafiya? Inna fa?"

"Kowa lafiya. Tashi mana. Haka ake tarbar mutum, a bar shi a rana?"

Hausar tasa a daddafe take fita, kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba. Wannan ma na ɗauke shi a girman kai.

Ɗaki ɗaya gare shi, a wani gida da suke haya shi da abokin karatunsa. Gado, tebur, kujera, kwamfuta mai tsagaggen murfi, sai risho a lungu. Bango duk takardu ne manne da rubutun Turanci, har bayan ƙofa. Ya bar mini gadon ya shimfiɗa wa kansa tabarma. Ban ce a'a ba. Ni ne babba.

Washegari na tashi da shirin in ga aikin Dakta. Ya kai ni wani ɗan fili da aka yi shuka a tukwane, ya duba, muka dawo. Tun rana ba ta yi zafi ba ya ja kujera ya zauna gaban kwamfutar. Na jira in ga abin da zai yi. Bai yi komai ba. Ya zuba wa gilashin ido, hannunsa a kan cinya. Can ya taɓa da yatsa, ya goge abin da ya taɓa, ya sake zuba ido.

To mu a wurinmu aiki ana ganinsa. Mai aiki yana sunkuye, ko yana ɗauke da kaya, ko gumi na zuba. Mutumin da ka gani zaune shi kaɗai ya yi shiru, ko ba shi da lafiya, ko an yi masa rasuwa, ko wani abu na cin ransa. Kuma ba a wuce shi. Rashin mutunci ne ka bar ɗan uwanka haka. Sai ka ja tabarma ka zauna kusa da shi ka ɗebe masa kewa. Na dube shi na ce a raina, wayyo yaron nan, ashe kaɗaici ne ya ramar da shi. Na ja tabarma.

Na fara da waɗanda suka mutu. Na bi da waɗanda aka haifa. Na ba shi labarin rigimar iyakar gona tsakanin gidan Liman da gidan Sarkin Noma tun daga tushe, da yadda farashin wake ya yi a Dawanau, da jakin Kawu Sule da ya faɗa rijiya aka wuni ana jan sa. Isiyaku ya juyo da kujerarsa ya ba kwamfutar baya. Da ya ga yana sama ina ƙasa, sai ya sauko ya zauna a siminti.

"Allah sarki," yake cewa. "Ikon Allah. To jakin ya rayu?"

Ya yi dariya ranar, dariya ta gaske, har da hawaye. Na ji daɗi a raina, na ce ga shi na fara warkar da shi.

Haka muka yi gobe, haka muka yi jibi. Da na ga ya zauna ya yi shirun nan, sai in yi gyaran murya. In labari ya ƙare in aike shi. Je ka tambayar mini ko suna neman mai ban ruwa. Zo ka raka ni unguwar Hausawa in gaida mutane. Nemo mana garin dawa in tuƙa mana tuwo, wannan burodin naku ba abinci ba ne. In na kaɗa miyar kuka sai na sa ya rufe kwamfutar ya wanke hannu mun ci a kwano ɗaya, a natse, kamar mutane. Bai taɓa cewa a'a ba. Sau ɗaya na tambaye shi.

"Wai me kake yi a gaban abin nan?"

"Rubutu, Yaya."

"Ni ban ga kana rubutawa ba."

"Ina neman yadda zan faɗa ne."

"To faɗa mini mana, ni in gaya maka yadda za ka faɗa. Magana ce za ta gagare mu?"

Ya yi murmushi ya sunkuyar da kai. Na ci gaba da labarina.

Na kusa wata a ɗakin nan kafin wani ya tausaya mini ya gaya mini gaskiya. A ƙofar cibiyar akwai wata mai shayi a gindin darbejiya, Hajja Hawwa. Kakanninta daga ƙasar Hausa suka taso a ƙafa za su Makka, suka maƙale a nan. Hausarta tsohuwa ce irin ta kakata, kuma ba ta taɓa karɓar kuɗina ba, sai ta ce, "Sha, Bakano, ka yi mana addu'a." Ranar na aiki Isiyaku kasuwa ya nemo mini takalmin roba, na zo wurinta na zauna. Sai ga Adum, abokin hayar Isiyaku, dogon mutumin Chadi da ya yi karatunsa da Faransanci ya koyi Hausa a kasuwa. Tare suke da wata mata mai tabarau, Ustaza Nafisa, malamar da ke duba aikinsu su biyun. Suna tafe suna musu, Larabci na hawa kan Turanci.

"Faɗa suke?" na tambayi Hajja.

"Kullum haka suke. A kan Turanci ne. Su kam Turanci ya hana su shan shayi da daɗi."

Ustaza ta tambayi Adum wani abu, na ji sunan Isiyaku. Adum ya amsa, na ji kalmar kasuwa. Ta juyo ta dube ni ta saman tabarau, ta daɗe tana dubana. Ta gaishe ni da ladabi, ta ajiye kofinta da sauran shayi a ciki ta tafi.

Adum ya matso da bencinsa.

"Malam Garba, zan gaya maka magana, in ka ga dama ka mare ni. Ka san me ƙanenka yake yi a ɗakin nan?"

"Zama."

"Wuƙa ce a wuyansa."

Ya yi mini bayani dalla-dalla. Aikin ƙudujin an gama shi tuntuni, kuma ya yi kyau. Amma dokar makarantar, ba a ba mutum digirin sai aikinsa ya fito a wata mujalla ta masana, irin wadda ake bugawa da Turanci a ƙasashen Turawa. Isiyaku ya aika da takardar bincikensa. Masu dubawa suka dawo da ita, suka ce binciken ba laifi, amma Turancin yana wahalar bi, yana zagaye kafin ya kai ga magana, ya nemi wanda aka haifa da harshen ya gyara masa. Suka yanka masa wa'adi. Kuɗin karatun da ake turo masa daga gida an daina turowa, ba shi da abin biyan mai gyara. Takardar zamansa a ƙasar ma ta kusa ƙarewa, kuma ba za a sabunta ba sai da shaidar an karɓi aikin.

"Wa'adin yaushe ne?"

"Ya kusa. Da ka zo da saura. Yanzu ya kusa."

Na ce to ai ga shi yana jin Turanci kamar Bature, me ya rage?

Adum ya yi dariya marar daɗi. "Mu duka nan muna jin Turanci. Ni harshe huɗu ne a bakina, Ustaza uku, ƙanenka huɗu. Kowa da irin haukarsa. Ni da Faransanci nake rubutawa, in juya, in yi ta sassaƙa har ya yi kama da nasu. Ustaza cewa take duk ƙarya ce, sunanka da sunan ƙasarka suke gani su fara ƙorafi tun ba su karanta ba. Ta ce ta taɓa ba wata Baturiya ta gyara mata tas, aka dawo da ita aka ce ta nemi Bature. Shi kuwa naka, ya sa wa ransa Hausa ce ke ɓata masa. Wai ku sai kun gaisa, kun tambayi gida da gona da gajiya kafin ku faɗi abin da ya kawo ku, kuma haka alƙalaminsa yake yi. Wai in Hausa ta farka a kansa, Turanci barci yake, sai ya yi rabin wuni yana tashinsa. Shi ya sa ya yi wa kansa alkawari ba zai ƙara yin Hausa ba sai ya gama. Watanni muna gida ɗaya bai ce mini sannu ba sai da Turanci. Ko wayar gida gudunta yake. Ranar da ka zo ya karya."

"Hausar ce ke hana shi da gaske?"

"Ni ban yarda ba. Amma shi ya yarda, kuma kansa ne ba nawa ba. Ko ma ba Hausa ba ce, Malam Garba, wuni wuni ne. Wunin da aka ci da labarin jaki ba ya dawowa."

Ashe har shi yana jin mu ta bango.

Hajja ta miƙo mini wani kofin. Ban iya karɓa ba.

Da na koma gida Isiyaku ya riga ya dawo. Takalmin robar yana ajiye a bakin gado, an jera shi da kyau. Ta taga na hango shi a gaban kwamfutar, leɓɓansa na motsi, hannu ɗaya dafe da goshi. Karo na farko ke nan da na kalle shi na ga mutum ɗauke da kaya. Ya ji motsina, nan take ya juyo da kujera zai sauko ƙasa.

"Tsaya a inda kake," na ce. "Me ya sa ba ka gaya mini ba?"

Ya gane. Ya dubi ƙasa.

"Ina tambayarka. Wata guda ina zuba kamar kanya, kana kallona."

"Yaya, in ce maka me? Ka ratso ƙasa biyu a saman buhu ka zo wurina. In ce ka yi shiru? In ce ka tashi ka ba ni wuri?"

"Da ka ce."

"Da na ce, da ka koma gida ka gaya wa Inna me?"

Na san abin da zan gaya mata, cewa Dakta ya ƙoshi ya kore ni. Shi ma ya sani.

Na koma wurin Hajja Hawwa na ce ta nema mini aiki ko'ina ne, in dai da nisa. Wani ɗan 'yar uwarta yana kwasar leburori zuwa Gadarif yankan dawa. Ta haɗa ni da shi, ta ƙulla mini ganyen shayi da sukari a leda. Isiyaku ya biyo ni har bakin mota yana cewa in bari a ga yadda za a yi. Na ce masa da Hausa ta ƙarshe da zai ji daga bakina kafin wa'adin, "Koma ciki. Kada ka kira ni."

Gonakin Gadarif ba su da iyaka. Ka shiga kunya ɗaya da safe, rana ta take ba ka ga ƙarshenta ba. Mutanen Habasha ne yawancin abokan aikina. Ba na jin su, ba sa ji na. A bukkar kara muke kwana, ruwan sha daga tanki, mai gonar kullum sai ya ce awonmu bai cika ba, kuma ba bakin da zan yi musu da shi. Wani daga cikinsu, Kirista ne da gicciye a wuya, in lokacin salla ya yi sai ya karɓi laujena ya ci gaba da layina don kada a ce na yi baya. Ban taɓa roƙonsa ba. Duk inda na sunkuya sai na ga busasshen ƙuduji a gindin kara, in tuna da mai shi. In lissafa a raina, yanzu yana zaune, yanzu ba mai damunsa, Allah ka sa Turancin ya farka. Na yi kewar gida a wurin nan irin wadda ban taɓa yi ba, amma ban ga ina da bakin kuka ba. Ni na kai kaina.

Da aka gama yanka na dawo Madani. Tun daga ƙofar gida na san amsar, don na tarar an sauke takardun bango, an ɗaure littattafai da igiya. Isiyaku ya tare ni da Hausa garau, ba daddafewa. Ya karɓi jakata, ya kawo ruwa.

Ya aika a ranar ƙarshe ta wa'adin, rabin gyaran a gurguje. Suka ƙi karɓa. Takardar zama ta ƙare. Abin da Ustaza ta iya yi masa shi ne ta roƙa aka ba shi shekara guda ya sake gwadawa daga gida, a wata mujallar. In ta fito, a kira shi ya zo ya kare aikinsa. In ba ta fito ba, shi ke nan, shekarun sun tafi.

Na zauna a bakin gadon. Na ce, "Ni ne?"

"Yaya, Adum ba shi da wa a ɗakinsa, tasa ma an dawo da ita."

"Ban tambaye ka Adum ba."

Ya ɗauki wata igiya ya shiga ɗaure littattafan da ya riga ya ɗaure. Na jira. Bai ce e ba, bai ce a'a ba, har yau kuwa bai ce ba. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Tare muka biyo hanyar da na bi, shi da buhun littattafai, ni da ɗan abin da na samo a Gadarif, wanda rabinsa a hanya ya ƙare. Mutanen gari suka fito tarbar Dakta. Ba wanda ya gaya musu komai, mu ma ba mu faɗa ba. Na kwashe buhunan da ke ɗakin da ke jikin zaurena, na share, na sa masa tebur, muka samo ɗan faifan sola na hannu muka ɗora a rufi. Alkawarin daina Hausa ya watsar, don a ƙauyenmu ko kurma sai ya yi ta. Yanzu wata rana sai ya faɗa wa kansa abin da Hausa tukuna sannan ya juya, ya ce hakan ya fi. Wata rana ya ce hakan ne ke kashe shi. Ni ban sani ba, kuma na daina ba da shawara a kan abin da ban sani ba.

Abin da na sani shi ne mutanenmu. Tun da safe suke zuwa, a gaida Dakta, a ɗebe masa kewa, ga shi ya dawo ya zauna shi kaɗai a ɗaki kamar mai takaba. Da alheri suke zuwa, na fi kowa sanin haka. Sai na mayar da aikina bakin zaure. A nan nake gyaran fartanya, a nan nake tufkar igiya, duk wanda ya zo in tare shi in ce sai bayan la'asar. An ce na yi baƙin ciki da ƙanena, ina ɓoye shi. An ce Sudan ta taɓa mini kai. Na ji duka.

Ranar kasuwar da ta wuce Kawu Sule ya zo, ƙanen Inna, tsoho da sanda, a ƙafa tun daga ƙauyensu. Na tashi na gaishe shi har ƙasa, na shimfiɗa masa buzu a zaure. Bai zauna ba.

"Wurin ɗana na zo. Ina Daktan?"

"Yana aiki, Kawu. Sai bayan la'asar."

Ya leƙa ta kafaɗata. "Aikin me? Ga shi can ina hango shi a zaune."

"Aikin ke nan."

"Garba, ni kake tarewa a ƙofa? Ni da na yanka ragon sunanka?"

"Ka yi haƙuri, Kawu. Ga ruwa, ga inuwa. Ni zan zauna da kai."

"Na ce maka wurinka na zo?"

Ya dube ni sama da ƙasa, ya tofar da yawu a gefe, ya juya ya fita bai taɓa ruwan ba. Ina jin sandarsa tana dukan ƙasa ya nufi ɓangaren Inna. A rayuwata ban taɓa yi wa babba haka ba.

Sai na ji ƙarar kujera a ciki. Isiyaku ya leƙo, yana neman takalminsa da ƙafa.

"Koma ka zauna," na ce.

"Kawu ne fa, Yaya."

"Na gan shi. Ni zan je in durƙusa masa, ya zage ni har ya gaji. Kai ka gama layin da kake kai."

Na kama ƙofar na jawo masa ita daga waje.